Caɓi a Ƙofar Tsohuwata

Ni da mota ta kife da ni, rijiya ta rufta da ni, na fito ina kaɗe riga, ban san tsoro ba sai da tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta kwanta. Likita ya ce ta warke, amma ta ƙi fitowa daga ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske.

Ban yi makaranta ba, amma na san abin da malam-buɗe-littafi ke so. Kullum da hantsi sai in jiƙa bakin ƙofarta da ruwa mai ɗan gishiri.

Surukata ta ce, "Baba, wannan caɓin fa?"

Na ce, "Baƙi na gayyato."

Ran da suka zo, farare da rawaya, suka cika lakar suna tsotsa, na leƙa na ce, "Fito ki ga abin da mijinki ya saukar."

Ta ce, "Kai dai da cika baki za a binne ka."

Amma ta dafa bango ta fito. Ɗaya ya sauka a ƙafarta. Ta daɗe ba ta motsa ba, sannan a hankali ta ce, "Akwai sauran abinci?"