Ruwan da na ɓoye a zaure

Ni Illo na fara ganin abin nan, tun masu rediyo ba su san da shi ba. Ban yi lakkwal ba, ban san ƙofar makarantar boko ba, amma shekara talatin ina tsallaka iyaka ina ɗauko isansi, man mota, daga Najeriya, ina saidawa a kwalba bakin titin Dogon Dutsi. Mai zuba mini a can, Hakim, kullum da tsiya yake tarbata, yana kirana da sunan ƙabilarmu: "Ba'are, yau ma an zo kwashe mana arziki?" Ran nan bai yi tsiyar ba. Ya cika bidunana, jarkokin nan na roba, shiru, ya ce, "Baƙo, sauka lafiya." Baƙo! Nan na gane manyansu da namu za su ɓata.

Na dawo na saida sana na noma, na ƙara kaya, na jera biduna cikin zaure na lulluɓe da tabarma. Abokan fada, inda muke zaman hira, sunka ce tsufa ya taɓa ni. Ba a jima ba anka rufe iyaka, can sunka yanke wutar da suke aiko mana. Masu dariya sunka koma suna rusuna mini.

Aikinmu akwai doka guda: ba a kiran isansi da sunanshi, don ƴan duwan, masu kama kayan fasa-ƙwauri, na da kunne ko'ina. Ruwa muke ce mai. Ɗan kabu-kabu zai tsaya a ƙofa da babur ɗinshi ya ce, "Baba, akwai ruwa?" In ce akwai. Muddin sunan nan na riƙe, kayana na nan. Ya kuɓuce, a kwashe, in tashi ba sa ba jari.

Akwai wani malamin lakkwal, Félix, da anka turo garinmu, yana haya a ɗakin bayanmu. Mushe muke ce mai, kamar kowane malamin lakkwal. Mutumin kirki, sai dai surukinshi ɗan duwan ne. Lokacin famfo ma ya daina zuwa sosai saboda rashin wuta, kowane gida na tara ruwa cikin biduna masu ruwan ɗorawa, irin nawa sak. Wata safiya ya ɗaga gefen tabarmar.

"Baba Illo, duk wanga ruwa ne? Ka saida mini guda, kwana biyu ban yi wankan kirki ba."

"An riga an saye, Mushe. Kai da ke koyar da yara, ƙurar alli ta ishe ka wanka."

Ya yi dariya ya wuce. Matata Ladidi ta biyo ni zaure.

"Malam, gaya mishi gaskiya. Gida guda muke kwana."

"In gaya mishi, ya gaya wa matarshi, ita ta gaya wa wanta? Ke dai ki ji da tukunyarki."

"To na ji," in ji ta. Ba ta sake tada maganar ba.

Ranar Talata da hantsi ina bakin titi, Ladidi na suya. Iska ta ɗauki harshen wuta ta manna ga zanan madafa. Wuta ce ƴar ƙarama, wadda zane jiƙaƙƙe zai kashe. Ta yi kururuwar da kowace mace za ta yi: "Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Félix, da bai tafi lakkwal ba ran nan, ya fito da gudu. Ya san inda ruwa yake, ni na gaya mishi. Ya sunkuci bido guda, ya buɗe cikin hayaƙi, hanci bai jin komi, ya watsa.

Ƙarar na ji kafin in ga hayaƙi. Na sheƙo gida, maza ashirin na tsaye a ƙofata ba wanda ya shiga. Ni da shekaruna saba'in da biyu na ratsa zauren nan, biduna na kumbura dama da hagu, na ɗauko Ladidi, duk ta ƙone, a kafaɗa na fito ta katangar baya. Ina direwa zauren ya tashi.

Likita ya duba ta ya ce sai Dosso. Munka nemi mota. Garin duka ba mai isansin da zai kai mu, wanda zai isa yana can yana ci a zaurena. Kafin a tattaro lita-lita daga tankunan babura la'asar ta yi. Ba mu kai garin Kore Mairuwa ba ta cika, kanta bisa cinyata.

Félix ya rayu, hannuwanshi sun ƙanƙance, ba ya iya riƙe alli. Da zai bar gari ya zo ya durƙusa yana neman gafara. Na ce tashi, Mushe. Abin da na iya cewa ke nan.

Yanzu a fada wasu na raɗa wai kalmata ta kashe Ladidi. Ni na rufe iyaka? Ni na yanke wuta? Na ga fari biyu, na ga ƴan duwan sun bi ni da bindiga cikin daji, na shiga wuta na fito da ƙafafuna. Wanda ke ganin da shi ne da ya faɗa wa surukin ɗan duwan gaskiya, ya zo bakin titi gobe, zan tuɓe riga ya ga bayana. In ya iya kallo bai kau da kai ba, sai ya maimaita maganar a gabana.