Shamuwar Tsamiyar Bayan Kamfani

Shekara goma sha huɗu ina jan fata a wani kamfanin jima a Chalawa, ban taɓa tambayar kowa yaushe ruwa zai sauka ba. Akwai tsamiya a bayan katangarmu. Ran da shamuwa ta sauka a kanta ta fara tara kara, ran nan nake zuwa wurin Oga Joshuwa mai rabon hutu, in karɓi sati biyuna in tafi ƙauyenmu wajen Ringim in yi shuka. Sau ɗaya ake ba da hutun a shekara. Ka tafi da wuri, ka ƙare da kallon sama. Ka makara, gero ba ya jiran kowa.

Bana da rani aka kafa ƙarfen sabis na waya, taku ashirin daga tsamiyar.

Shamuwa ta zo, da idona na gani, guda shida. Suka kewaya sau uku suka wuce. Na ce masu duba hanya ne, na jira.

"Malam Uba, saura gurbi ɗaya fa a takardar hutu," in ji Joshuwa. "Ko sai tsuntsun ya sa muku hannu?"

"Tsuntsun nan ya girmi takardarka."

"Ko ƙarfen nan ne ya kore su? An ce abin da yake fitarwa yana ruɗa su."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Ban yarda ba. Amma kullum da azahar sai na zagaya wurin tsamiyar. Ganyen da ke fuskantar ƙarfen ya yi ja. Ko ƙarfen ne, ko ruwan jima da ke bi ta gindinta, oho.

Ran Laraba ina tsaye a wurin waya ta yi ƙara, sabis cike taf. Ƙanena Isyaku ne.

"Yaya, lafiya kuwa? Yau kwana tara da ruwan shuka. Gonarka kaɗai ta rage."

"Shi ne ba ka kira ba?"

"Kai ka ce kar a sake kiranka kan ruwa, kana da mai gaya maka."

Na ruga ofis. Joshuwa ya juyo min da takardar, sunan wani na zaune a gurbin.

"Sai bayan sati uku, Malam."

Na fito na kira Isyaku.

"Irin yana cikin randar bayan ƙofa. Ka shuka min iya inda ƙarfinka ya kai."