Alkol a Ƙafar Kyari

Shekarar da Faransawa suka matsa da aikin hanya, gardi, wato dogaran Bature, suka kwashi maza daga Birni zuwa fasa dutse, har da Kyari, ko da yake furfura ta riga ta cika masa gemu. Asalinsa mutumin Barno ne, fataucin kanwa ya gada. A wurin aikin wani dutse ya faɗo masa a ƙafar hagu, aka sallame shi. Matarsa Bintu, mai sayar da kwalli a kasuwa, ta yi ta jinya. Ta daka bagaruwa ta barbaɗa, ta kira wanzami, ta karɓo rubutu. Ƙafar dai sai ƙara kumbura take, har ta fara wari.

Da ta ga haka, ta aro jaki ta ɗora shi, ta ja shi cikin rairayi har likitar soja, wato asibitinsu da ke bayan ganuwa. Tun hantsi suke zaune a gindin bango, ba a kira su ba sai da rana ta karkata.

Lokotoron, wato mai duba marasa lafiya a wurin, wani Bature ne ramamme, shi kansa zazzaɓi ya cinye shi. Tafintansa Sallau, tsohon soja, tun safe yake juya maganar mutane har muryarsa ta dushe. Lokotoro ya kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya duba, ya buɗe wata kwalba. Kyari ya janye ƙafarsa.

"Mene ne wannan, Sallau?"

"Alkol suke ce masa, Baba. Ciwo ake wankewa da shi."

"Na san warin nan. Shi ke fita daga bakin sojanku. Ba za a zuba mini giya a jiki ba, ina da salla a gabana."

Sallau ya fassara. Lokotoro bai yi faɗa ba, ya zauna a kan akwati ya shafa fuska. Can ya lura da yatsun Bintu da suka yi baƙi, ya tambayi sana'arta. Da aka gaya masa sai ya yi wata doguwar magana a hankali, Sallau yana juyawa ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ya ce sunan ma ba nasu ba ne, daga Larabawa suka karɓa. Alkuhul, wato kwalli, irin wanda Iya take sayarwa. Masu haɗa magani na dā, duk abin da suka niƙa ya yi laushi kamar kwalli, da sunan suke kiransa. Daga baya abin da aka tace ya fita tas, ko da ruwa ne, sunan ya bi shi."

Kyari ya yi karatu a ƙuruciya, ya san kalmar, kuma ya ji daɗin jin ta a bakin Bature. Amma ya ce, "To tambaye shi, shi wannan ɗin daga me aka tace shi?"

Lokotoro ya amsa a taƙaice. Sallau ya ɗan tsaya, kamar zai gyara maganar, sai dai ba shi da ƙarfin ƙarya.

"Daga abin da kake zato, Baba."

"Ka ji ko. Bintu, kawo jakin."

Bintu ba ta motsa ba. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar gadon da aka kwantar da Kyari a kai.

"Malam," ta ce, "ba ni da ƙarfin da zan sake ɗora ka. Tun kaka ban yi barcin kirki ba. Ba sha za ka yi ba. In an gama, ni zan wanke maka da ruwa har sai ka ce ya isa. Amma in muka koma gida da ƙafar nan haka, gawarka za a wanke."

Bai taɓa jin ta yi masa magana irin wannan ba. Ya dube ta, ya ga yadda wuyanta ya zama siriri, zanen ya yi mata yawa. Ya juya fuskarsa wajen bango.

"A zuba," ya ce.

Da ruwan ya taɓa ciwon, ya cije haɓar rigarsa, bai yi ƙara ba. Washegari aka yanke yatsu biyu da suka riga suka mutu. Ya kwanta a can har damina ta faɗi, Bintu na kai masa kunu kullum da ƙafa. Kafin a sallame shi, ciwo ya kayar da lokotoron, aka ɗauke shi a kan raƙumi zuwa yamma, ba su ƙara jin labarinsa ba.

Ƙafar ta warke, amma ba ta ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Da ayarin kanwa ya tashi a rani, ɗan ƙanensa Mustafa ne ya tafi da dabbobin. Kyari ya raka su da sanda har ƙofar gari, ya huta a kan hanya, ya komo zaure. A nan ya koyi tufkar igiya wajen wani maƙwabci, da ita suka riƙa rufa wa kansu asiri.