Ajiyar Malam Sha'aban

Malam Sha'aban ya miƙa wayar da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri, ya ce, "Ɗana, sauko min da matata za ka yi."

Kamaruddeen, mai rumfar gyaran waya a bakin tashar Minjibir, ya ɗago kai ya dubi tsohon. Har da ƙaiƙayin gero a hularsa, da gani daga gona ya taho.

"Matarka kuma, Baba?"

"Bidiyonta. Aina'u. Bara ta rasu, bayan girbi."

Bidiyon dai ba wani dogo ba ne. Ɗansu Basiru ne ya ɗauke ta tana bakace a tsakar gida, ta kare fuska da faifai tana dariya, tana cewa, "Kai Basiru, sauke abin nan, ko ɗankwalin kirki ban ɗaura ba!" Shi ke nan. Da Basiru zai koma wurin aikinsa a Legas bayan rasuwar, sai ya bar wa uban wayar, ya ce, "Baba, kada ka damu, komai na cikinta da kansa yake hawa sama."

To, mutumin da ya tsufa yana noma ai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hatsi ya shiga rumbu, sai a share masussuka. Haka Malam Sha'aban ya fahimci zancen.

Duk rani, in ya dawo daga sallar magariba, sai ya zauna a ƙofar ɗakinta ya kunna, ya sake kunnawa, tuwon da matar ƙaninsa ta aiko ya huce a kwano. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, har ya rame. Da ruwan shuka ya sauka, ya ga in ya ci gaba a haka ko fartanya ba zai iya ɗagawa ba, sai ya daure ya goge bidiyon daga wayar. Ya ce da kansa ya adana shi a sama yadda ake yi wa iri, sai an gama girbi zai buɗe rumbu. Duk damina da wannan alkawarin ya yi noma.

Kamaruddeen ya yi ta latse-latse. Ya shiga nan, ya fita can, ya sosa ƙeya. Can ya ajiye wayar a hankali.

"Baba, babu shi."

"A wayar babu, na sani, ni na share. A sama za ka duba."

"Can ɗin na duba." Ya gyara zama. "Abu biyu ne a Turance, mutane da yawa suna ɗauka ɗaya ne. Akwai backup, shi ne rumbun da kake nufi, ka ajiye kwafi daban, ko wayar ta faɗa rijiya yana nan. Taka kuwa sync aka saka mata. Shi madubi ne. Abin da ke hannunka shi ne a can, ka goge a nan, can ma ya goge."

Kamaruddeen ya ci gaba da bayani.

"Da cikin damina ka zo, akwai kwandon shara da ke riƙe abu na ɗan lokaci. Yanzu ya zubar."

"Wa ya zubar?"

"Shi da kansa."

"Babu mutum a wurin da za a roƙa?"

"Wallahi babu, Baba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Sha'aban, da irin muryar da ya faɗa ranar da aka fito da gawar Aina'u. Ya laluba aljihu zai biya kuɗin aiki, Kamaruddeen ya riƙe masa hannu ya ce ya bar shi.

Ya hau motar komawa gida. Ya sauka a mahaɗa, ya bi ta tsakanin gonaki, ga kara an tattara gungu-gungu, ga mata suna sussuka a ƙofar gidaje. Bana an yi albarka, rumbunansa biyu maƙil suke. Ya wuce su ko kallo bai yi ba, ya zauna a ƙofar ɗakin Aina'u. Ya gwada faɗin maganar tata a hankali. Kalmomin duk suna nan a kansa, dariyar ce ta ƙi zuwa.

Wayar ta yi ƙara. Basiru ne.

Bayan gaisuwa da barka da girbi, yaron ya ce, "Baba, in ka shiga kasuwa ka sa a turo min bidiyon Inna mana. Kwana biyun nan tana raina sosai."

Malam Sha'aban ya buɗe baki. Sai ya tuna bakin nan ne ya ce masa komai da kansa yake hawa sama, ya tuna Basiru shi kaɗai ne a ɗakin haya a can, ba mai aiko masa ko da tuwon da zai huce.

"Baba, kana ji na? Yana nan dai ko?"

"Yana nan," in ji tsohon. "Na kai shi ajiya. Sai ka zo gida."