Inda Tururin Yake Zuwa

Auta ba ya sayen abu da ka. Da Yayansa ya ce masa fankar banɗakinsa ta gaji, tururin wanka yana rufe madubi har mutum ba ya ganin gemunsa, sai da ya auna banɗakin, tsawo da faɗi, kafin ya nufi shagon kayan lantarki. Mai shago ya jera masa fankoki masu zuƙe tururi a kan kanta. Shi kuwa ya riƙa sa a kunna su ɗaya bayan ɗaya, yana kara takarda a fuskar kowace domin ya ga ƙarfin zuƙarta.

"Injiniya, saye za ka yi ko neman aurenta ka zo?" in ji mai shago.

"Ta Yayana ce," Auta ya amsa, kamar wannan ya isa bayani.

A wurinsa kuwa ya isa. Yaya ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kai shi makarantar koyon aikin lantarki, da ya yi aure kuma ya ba shi ɗaki a cikin gidansa. Saboda haka ya zaɓi wadda ta fi kowace ƙarfi.

Ɗakin nan na Auta yana manne da banɗakin Yaya, bango ɗaya ne tsakaninsu. Tun bara wani baƙin tabo ya fito a silinsa, daidai saman gadon 'yar Auta. Matarsa ta wanke, ya dawo. Ta kankare, ya ƙara faɗi. Yarinyar ta kamu da tari mai sarƙe numfashi, likita ya ce laima ce, a raba ta da ita. Da Auta ya kai kukansa, Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka yi wa iyalinka magana a hankali. Ɗaki ba ya yin baƙi haka kawai, sai da sakaci." Auta ya yi maganar, kuma ba a hankali ya yi ta ba. Tun daga ranar matarsa ba ta ƙara musu da shi ba, sai dai kullum da safe ta hau kujera da buroshi.

Da Auta ya dawo da sabuwar fankar, ya kafa tsani a banɗakin Yaya, ya kashe wuta, ya fara kwance tsohuwar fanka daga silin. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da tawul a wuya.

"Ka cire, ka maƙala sabuwa a gurbinta, shi ke nan. Kada ka taɓa bututun."

"To, Yaya."

Amma tun a makaranta ba ya iya ɗaura fanka bai ga mafitar iskarta ba. In ya yi haka, zuciyarsa ba ta barinsa ya zauna. Ya cusa kansa cikin ramin, ya haska da fitilar wayarsa. Ya zaci bututun zai miƙe zuwa bangon da ke kallon titi. Bai miƙe ba. Ya lanƙwasa, ya tsallake bangon tsakiya, ya tsaya da baki buɗe a saman silin ɗakin Auta. Katakan wurin sun yi baƙi ƙirin, suna naso. Daga ƙarƙashinsu yana jin ƙarar buroshi, yana jin tarin 'yarsa.

Ya sauko a hankali.

"Yaya, ka san inda bututun nan yake zuba tururi?"

Yaya ya gyara tawul ɗinsa. "Ai na ce kada ka taɓa."

"Ban taɓa ba. Gani na yi."

"Mai aikin da ya ɗaura tsohuwar ya ce in ba haka ba sai an fasa bangon waje. Ka san tayil ɗin gaban gidan nan, yanzu ko da fitila ka nema ba za ka samu irinsa ba. Tururi ne fa, Auta, ba wuta ba."

"Ka ce mini sakacinta ne."

"To me kake so in ce? Ka rage murya, ƙanina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba baƙo ba."

Baƙo. Auta ya dubi sabuwar fankar a cikin kwalinta. Da hannunsa ya zaɓe ta, mai ƙarfin gaske, kuma da bai leƙa ba, da hannunsa zai ɗaura ta ta riƙa tura wa 'yarsa ninkin abin da tsohuwar take turawa. Yaya kuwa yana tsaye zai kalle shi yana yi, ya ce masa sannu da aiki.

Ya buɗe jakarsa ya ɗauko injin huda bango, ya mai da wuta, ya jawo tsani zuwa bangon titi.

"In ka huda mini bango, ka nemi wani ɗakin," in ji Yaya.

Auta ya yi alama da fensir, ya sake aunawa kamar yadda ya saba, sannan ya danna. Ƙarar ta cika gidan. Can sai aka ji tayil ya tarwatse a waje, hasken rana ya shigo ta hudar. Ya juyo da bututun, ya ɗaura fankar, ya kara mata takarda. Ta riƙe ta gam. Da ya waiwaya, babu kowa a bakin ƙofa.

A ɗakinsu ya tarar da matarsa a kan kujera, hannunta ya yi fari saboda sabulu. Ta dube shi a tsorace.

"Har yanzu bai fita ba, Baban yarinya. Zan ƙara gogewa."

Ya karɓi buroshin daga hannunta, ya rasa ta inda zai fara ba ta haƙuri. Yarinyar ta sake tari.

"Sauko," ya ce. "Ki fara haɗa kayan yarinyar tukuna, za mu bar ɗakin nan."