Sunan da Hansai Ba Ta Faɗa

A Utai, in ana zancen kunya sai a ce, "Kamar Hansai matar Gandiroba." Matan unguwa sun ce shekara talatin da huɗu ta yi a ɗakin mijinta, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Mahaucin garin ma da suke suna ɗaya da mijin, "mai sunan Malam" take ce masa. Ba su haihu ba. Tun da ya rasu, in ji su, sai a wuni ba a ji motsinta ba.

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, sababbin babura suka cika titin Wudil. A shekarar ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Likita ya ce sai an yi aiki a Kano, ga shi ba ta da kuɗin. Aka ce mata ai matar ma'aikaci tana da haƙƙi a fanshonsa. Ta buɗe akwatin takardunsa, ta tarar gara ta riga ta.

Damina ce, kowa na gona. Ta ji nauyin roƙon rakiya, ta hau motar Kano ita kaɗai.

* * *

"Iya, sunan mamacin?" in ji akawun ofishin fansho, bai ɗago ba.

"Gandiroba ne, ɗan nan. A gidan yarin En'e ya yi aiki."

"Gandiroba nawa ne a ƙasar Kano? Suna na tambaya."

"Dogo ne, yana ɗan ɗingishi..."

Akawun ya ajiye biro, ya leƙa teburin gefe. "Isyaku, zo ka ga amarya! Iya, ko sai an sayi baki?"

Aka yi dariya. Ta waiwaya, duk layin ba fuskar da ta sani. Ta koma kan benci ta zauna har aka yi azahar. Ta rufe idon dama, ta gwada na hagu: taga ta zama farin gajimare. In na daman ma ya tafi, wa zai ja mata sanda?

Ta tashi.

"Sharhabilu," ta ce, kanta a ƙasa.

"Ɗaga murya, Iya."

"Sharhabilu Utai."

Ya lashi yatsa, ya bi shafi uku. "Babu. Tun da gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yari aka kwashe takardunsu zuwa Legas. Sai ki rubuta can. Na gaba!"

* * *

Da la'asar ta iso gida. Ta lalubi bakin gadonsa ta zauna, ba ta ko cire mayafi ba. Ta daɗe tana sauraron ɗigar ruwa daga indararo.

"Malam," ta ce, "yau na kira sunanka a gaban mutane, har sau biyu. Ban samo komai ba. Ka yafe mini."