Ranar Sayar da Kieran

Rodney Tasker ne ya fara dukan gaban motar da tafin hannu, sauran suka ɗauka. Kafin ka ce me, magoya baya sun toshe ƙofar filin atisayen Brackmoor cikin yayyafi, kowa na warin giya tun da hantsi.

"Ba inda za shi! Namu ne!"

A kujerar baya Kieran ne zaune, ƙanin Rodney kuma ɗan wasan Brackmoor, za a kai shi gwajin lafiya a kulob ɗin Eastholme, abokan gabar nan na tsallaken kogi. Kuma ba don ya gaza za a sayar da shi ba. Shugabannin Brackmoor ne suka yi facaka wajen sayen 'yan wasa, hukumar gasa ta ce ko su daidaita asusu kafin yau ta wuce, ko a zabtare musu maki. Yaron da kulob ya yi rainonsa tun yana ƙarami kuwa ba a biya ko sisi a kansa ba, duk abin da aka samu riba ce zalla. Wato ɗan gida shi ya fi daɗin sayarwa. Kai, wannan rashin kunya da yawa yake!

Abin ya ci wa Rodney rai matuƙa. Shi ya riƙa saɓa Kieran a kafaɗa zuwa kallon wasa, tare kuma suka watsa tokar gawar ubansu a bayan raga. Shi ya tara jama'ar nan, da nufin a tsare motar har lokaci ya ƙure, ciniki ya lalace.

Kieran ya sauke gilashi.

"Yaya, don Allah janye su. An ce in na ƙi tafiya, a benci zan ruɓe. Ƙwallo kawai nake so in buga."

Tsautsayi, Baz mahauci, aminin Rodney, yana kusa ya ji.

"Au, ashe kai ma so kake? Jama'a, kun ji ɗan iska! Da yardarsa za shi!"

"Baz, rufa mana baki," in ji Rodney. Ina! Magana ta riga ta zaga.

Kwalba ta tarwatsa gilashin baya. Waɗanda ɗazu suke rera sunan yaron yanzu suna ihun maci amana, suna jijjiga motar za su kifar da ita. Wani ya cinna wa riga mai lambarsa wuta. 'Yan sanda suka danno bisa dawakai suna ta zuba kulki, jama'a suka yi baya, suka sake turowa gaba. Rodney ya kai wa Baz naushi a baki, haƙori ya yanke masa yatsa, wani ya rotsa masa kai ta baya, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Da ɗaya idon ya ga Kieran ya buɗe ƙofa, ya ɗaga hannu zai ba da haƙuri. Ya sako ƙafar hagu ke nan taro ya faɗo a kan ƙofar motar gaba ɗaya. Duk hayaniyar nan sai da Rodney ya ji ƙarar ƙashin.

A asibiti mahaifiyarsu Maureen ba ta tambayi ɗinkin da ke kan Rodney ba. Mari ta shara masa a gaban ma'aikatan jinya.

"Kai ka tara su ko? Kalle ni! Kai ne?"

Bai iya ɗaga kai ba. Likita ya ce gwiwar Kieran ta dagargaje, tafiya dai zai yi, ƙwallo kuwa bai yi alkawari ba. Wakilin Kieran ya leƙo ya ce Eastholme sun janye, ya fice yana amsa waya. Kafin la'asar talabijin ɗin ɗakin jira ta sanar cewa Brackmoor ta sayar da wani yaron gidan, mai tsaron raga, asusu ya daidaita, ba za a taɓa maki ba.

Da aka bar Rodney ya shiga, ya tarar da Kieran kwance, ƙafar na rataye cikin ƙarafa. Ya tsaya a bakin gado, hawaye na zubo masa.

Kieran ya dube shi.

"Kukan me kake yi, Yaya? Ai ka yi nasara. Ga ni nan, ba inda za ni."